Tsaka Ba Ta Rufe Ido

Sau ɗaya tak ɗiyata ta fari ta taɓa ce mini Inna, kuma a ranar ne na miƙa mata takalmi na ce ta kashe abin da ta fi so.

Ba zan rubuta sunanta ba. Ban taɓa kiran sa da bakina ba, ba kuwa zan fara da alƙalami ba. A wajenmu, ƙauyukan da ke cin kasuwar Urafane, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ma sai ta kau da kai. Alkunya ke nan. Ana yaye ta uwata ta zo ta goye ta, ta tafi da ita garinsu. Can ta tashi tana ce wa kakarta Inna, ni kuma in na je ganin gida ta ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena na faɗi. Ban ga laifin haka ba. Ni ma haka aka yi mini.

Tana da shekara takwas farin tabo ya fito mata. Ya fara daga yatsu, ya hau bayan hannu, sannan ya kewaye mata baki kamar ta sha nono ba ta goge ba. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Mutanen garin uwata suka ce tsaka ce ta yi mata fitsari tana barci, wasu suka ce a'a, cikin abincinta ta faɗa. Yara suka daina sa hannu a kwano ɗaya da ita. Uwata ta yi jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har ta gaji, rannan sai ga ta a kan kabu-kabu da yarinyar da ƙullin kayanta.

"Ga ɗiyarki," ta ce. "Na tsufa da faɗa da mutane a bakin rijiya."

Ni fura nake sayarwa. Maigidana kullum yana ci-rani, in ya aiko ya aiko, in bai aiko ba furar ce ke ciyar da mu. Mai fura kuwa ba ta da jarin da ya wuce a ce tana da tsabta. Saboda haka tun ranar farko na kafa wa yarinyar doka. Kada ta taɓa turmi, kada ta taɓa faifai, kada inuwarta ta faɗa kan ƙwaryar damu. Na ware mata kwano, na ɗaura wa moɗarta jan zare don kada a haɗa da tamu. In mata sun taru sayen fura da safe, sai in tura ta gona ko bayan rumbu. Ba ta taɓa musu ba. "To, Yaya," shi ke nan maganarta. Na gaya wa kaina alkunya nake yi. Ƙarya ne. Alkunya ba ta ɗaura jan zare.

Da damina ta biyu, muna noman hatsi, ta kamo wata ƴar halitta a gindin sabara. Ban ga kamun ba. Abin da na fara lura da shi, babban gwangwanin tumatir ɗina ya ɓace, kuma gefen gidan sauro ya yi giɓi kamar tafin hannu. Na bi sawu har bayan rumbu na leƙa. Ta zuba rairayi a gwangwanin, ta sa ɗan tsinke da murfin kwalba cike da ruwa, ta rufe bakin da yankin gidan sauron ta ɗaure da kaba. A ciki akwai wata ƴar aba siririya, ba ta fi ɗan yatsa ba, da zane-zane a bayanta daga wuya har ƙugu, wutsiyarta ja-ja kamar an tsoma a lalle.

Kullum da hantsi sai ta ɗaga tsohon kara ta kwaso gara a ganye ta kai mata. Ta fitar da gwangwanin rana, in rana ta yi zafi ta mai da shi inuwa. Tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Wata rana ina tankaɗe na ji dariya daga bayan rumbu, har na tsaya ina tunanin ɗiyar wa ce ta shigo mana gida. Shekara guda da rabi tana wurina, ban san muryar dariyarta ba.

Mako biyu na san da gwangwanin ban ce komai ba. In ana neman alherin da na yi mata a wancan zamani, to shi ke nan duka: mako biyu na shiru.

Muna da wata maƙwabciya tsohuwa, irin waɗanda ba sa sayen fura sai ɗanɗanawa, kuma ba abin da zai faru a gidanka da safe da ba za a ji shi a bakin rijiya kafin azahar ba. Ranar kasuwa ce, tsakar gida cike da mata, kowace da ƙwaryarta, ga Bafillatanar da ke kawo mini nono tana zaune tana jira a juye mata. Kazar tsohuwar ta shigo ta nufi bayan rumbu, ita kuma ta bi ta da zagi. Sai muka ji salati.

"La'ilaha illallahu! Ku taho ku gani! Tsaka cikin gwangwani!"

Ta fito riƙe da shi nesa da jikinta, yarinyar na bin ta a baya. Ta dire shi a tsakiyar mata.

"Uwar gida, ashe kun ci gaba ba mu sani ba? Mu muna ta wahala da tumaki, ku kun koma kiwon tsaka. In ta haihu a ba ni ɗaya in riƙa."

Wata ta ce, "Har da ruwan sha anka aje mata, ku duba!"

"To mi za ya hana?" in ji tsohuwar. "Ai uwar ɗakinta ce. Mu muna cewa tsautsayi ne ya sami yarinya, ashe zumunci ne."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Na ga wata ta dubi furar da ke ƙwaryarta, ta dubi gwangwanin, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Wata ta tofar da wadda ke bakinta. Bafillatanar ta jawo faifai ta rufe nononta.

Wanda bai taɓa ciyar da gida da ƙwarya ɗaya ba, ya zauna ya yi mini shari'a in yana so. Na san in matan nan suka fita da wannan labari, kafin la'asar ya isa Urafane: mai furar nan da ɗiyarta ke da tabo, tsaka suke kiwo kusa da turmi. Ba wanda zai sake sha. Ƙadangaren bakin tulu ke nan, sai dai ni ban tsaya dogon tunani ba, na san tulun nake so.

Da na ga dama da na ɗauki gwangwanin na je na juye shi bayan gari. Da na ga dama da na taka abar da ƙafata a wuce wurin. Amma ina so matan su gani da idonsu cewa ba wani zumunci tsakanin jinina da tsaka. Na cire takalmina na roba na miƙa wa yarinyar.

"Ke. Juye ta ki kashe."

Ta dube ni. Ba ta karɓa ba.

"Yaya, ba tsaka ba ce."

"Ban tambaye ki ba."

"A gona na kama ta, cikin rana. Tsaka ba ta yawo cikin rana, bango take bi. Dubi yatsunta, Yaya, dogaye ne sirara. Na tsaka masu faɗi ne kamar an danne su."

Tunda ta zo gidana ba ta taɓa jera magana mai tsawon haka ba.

"Oho, malama ce!" in ji tsohuwar. "Ta san danginta ɗaya-ɗaya. Ke yarinya, kama takalmi. Malamai sun ce wanda ya kashe tsaka da bugu guda ya fi kowa lada. Yau Allah ya kawo miki har gida."

Na kwance kabar da kaina na kife gwangwanin. Abar ta faɗo tare da rairayin. Ba ta gudu ba. Ko ta saba da hannu ne, ko zaman gwangwani ya kashe mata jiki, ban sani ba. Ta tsaya cikin rana tana ɗaga ƙafa ɗaya tana saukewa, maƙoshinta na motsi.

Yarinyar ta durƙusa ta kare ta da hannayenta masu tabo, ta ɗago kai.

"Inna," ta ce. "Inna, duba. Tana rufe ido. Tsaka ba ta rufe ido."

Na kama wuyan hannunta na cusa mata takalmin. Na ce in ba ta buga ba, yau za ta bar mini gida, ta je ta nemi wanda zai riƙe ta, tunda kakarta ma ta gaji. Haka na faɗa, a gaban mutane.

Ta buga. Sai ta sami wutsiyar kawai. Wutsiyar ta gutsure ta shiga birgima ita kaɗai a ƙasa.

"Ɗaya!" in ji tsohuwar. "Af, lada ta ragu."

Matan suka kama ƙirgawa tare da ita. Biyu. Uku. Abar na jan ciki tana neman inuwar ƙafar yarinyar, wurin da ta saba. Sai a na biyar ta daina motsi. Kazar tsohuwar ta zo ta tsince wutsiyar ta gudu da ita, aka kwashe da dariya.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye mini takalmina a gabana, daidai yadda zan sa ƙafa. Na sa ta wanke hannu da toka sau bakwai kowa na kallo, na wanke turmi da faifan da ba abin da ya taɓa su. Matan suka ɗauki ƙorensu. Ranar ko dunƙule ɗaya bai kwana ba, har tsohuwar ma ta saya.

Daga ranar na sami ɗiya mai biyayya irin wadda kowa ke roƙo. Ruwa, itace, shara, gona, ba a faɗa mata sau biyu. Takan ɗauki kwanonta ta tafi bayan rumbu ta ci. Dariya kuwa, ban sake ji ba.

Bayan shekara biyu zazzaɓi ya kama ta na kai ta gidan likita. Ma'aikacin ya kama hannunta da hannunsa tsirara yana juyawa, ni ina ja da baya. Ya ce wannan tabon ba kuturta ba ne, ba a ɗaukarsa a kwano ko a moɗa, kuma ba ruwan tsaka da shi, launin fata ne kawai ke gushewa. Ya ce a riƙa kare ta daga zafin rana. Ni da na yi shekaru ina tura ta gona don kada masu sayen fura su gan ta. Da muka dawo gida na ɗauki wuƙa na yanke jan zaren moɗarta. Washegari na tarar ta ɗaura sabo.

Na haura arba'in aka buɗe makarantar manya a garinmu, a wata rumfar kara. Na shiga don na gaji da kai wa mutane wayata su karanta mini saƙon maigidana. Malamarmu, da muke ce wa madam, yarinya ce daga Tasawa, tana da waya babba mai hotuna. Wata rana bayan an tashi na tsaya, na ce ta nemo mini hotunan ƙadangaru. Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, miya za ki yi da su?" Na ce ta nemo dai, ba hira na zo ba.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙiski mai jan kai da ke gyaɗa kai a kan katanga. Ga kulɓa mai sheƙi da santsi kamar an shafa mata mai. Ga tsaka, fatarta fari-fari, yatsunta da faɗi a baki, idonta ƙato. Madam ta karanta da Faransanci ta juya mini: irin tsakar da ke bin bangon ɗaki ba ta da fatar ido, da harshe take lashe idonta. Sannan ta murza hoton, sai ga abar. Zanen baya, jar wutsiya, dogayen yatsu. Ƙadangaren rairayi ne na daji, ƙanana ne ke da jar wutsiya. Ba dafi, ba komai, gara da ƙwari yake ci. Ta ce an rubuta ba su cika daɗewa a tsare ba, sun fi son rana da fili.

Duk abin da yarinya ƴar shekara tara ta faɗa tana durƙushe, shi ne a cikin wayar.

Na daɗe ina gaya wa kaina rashin sani ne, jahilci ne, da na yi karatu da wuri da ban yi ba. Wannan ma ƙarya ce, kuma tunda hannuna ya iya rubutu bari in rubuta gaskiya. Ni ƴar ƙauye ce, na san tsaka tun ina rarrafe. Da ta ce in duba, na duba. Na ga abar ta lumshe ido ta buɗe. Na gani sarai, sannan na cusa mata takalmin.

Tana da shekara goma sha tara ƙanwar ubanta ta samo mata wurin koyon ɗinki a Tasawa. Aka sa ranar tafiya bayan girbin wake. Abu ɗaya nake so kafin ta tafi: ta zauna mu sa hannu a kwano ɗaya, ko sau guda. Na kira ta cin abinci ba sau ɗaya ba, sai ta ce, "Na ƙoshi, Yaya," in an jima in ji ƙarar kwanonta a bayan rumbu. Baki kuma bai iya ba ta haƙuri ba. Wace uwa ce ke durƙusa wa ɗiyar fari? Sai na yi dabarar da nake ganin ta fi magana.

Kwana uku na yi a gona ina farautar ƙadangare. Mace da furfura, da ƙwarya a hannu, tana bin gindin sabara da rarrafe. Wani mai amalanke ya tsaya ya ce, "Baba, lafiya? Kuɗi sunka faɗi?" Na ce ya ja jakinsa ya ba ni wuri. Suna da gudu kamar walƙiya, sai a nan na san irin haƙurin da yarinyar ta yi kafin ta kama tata. A rana ta uku na kife ɗaya. Na duba yatsu, na duba wutsiya, na jira har ta rufe ido. Na sami gwangwani, na zuba rairayi, na sa murfin kwalba da ruwa, na yanki gidan saurona.

Da hantsin ranar da za ta tafi, tana ɗaure kaya a tsakar gida, na dama fura a ƙwarya ɗaya na sa ludayi biyu. Na ajiye gwangwanin kusa da ƙwaryar.

"Ke," na ce. "Ga wannan."

Ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, har na ga bakinta ya motsa, na ce a raina Alhamdu lillahi. Ta kwance kabar a hankali ta karkata gwangwanin, abar ta sauko ƙasa. Na ɗauka sakin ta za ta yi, na ce hakan ma ya yi, mu sake ta tare. Abar ta tsaya cikin rana, ta ɗaga ƙafa ɗaya.

Ban ga lokacin da ta cire takalmi ba. Ƙarar kawai na ji.

Ta ɗaga takalmin ta duba ƙasansa, ta goge a rairayi, ta sa a ƙafa.

"Bugu guda, Yaya. Yanzu na iya."

"Ba tsaka ba ce," na ce. Muryata ko ni ban gane ta ba. "Na duba. Tana rufe ido."

"Tsaka ce," ta ce. "Ke kinka ce."

Mai kabu-kabu ya yi oda a ƙofar gida. Ta ɗauki ƙullinta, ta koma bayan rumbu ta ɗauko kwanonta da moɗar mai jan zare ta cusa a ciki. Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ya kamata, ba abin da ta rage. Furar na zuba wa awaki.

Yanzu in na ga yaran unguwa da gwangwani suna cewa sun kamo ƙadangare za su yi kiwo, nakan karɓe in duba musu. In ce wannan ɗan ƙiski ne, wannan kulɓa ce, wannan na rairayi ne. Sannan in sa su mai da shi gindin da suka ɗauko shi, ina tsaye. Suna cewa tsohuwar nan ta cika faɗa. Su faɗa. Biyu aka kawo gidana a gwangwani, ba wadda ta fita da rai, kuma ta biyun ni na kamo ta da hannuna tana zaman lafiyarta a gindin sabara.

Ɗiyata tana Tasawa, ta sami keken ɗinkinta, an ce mata na layi a ƙofarta kafin salla, ba mai ƙyamar hannun da ya ɗinka mata riga. Duk Juma'a takan aiko mini da saƙo a waya, ba ta taɓa fashi ba. Yanzu ba na kai wa kowa ya karanta mini. Nakan zauna a inuwar rumbu in bi baƙaƙen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga kalmar farko. Kullum ita ce dai: Yaya.